RA'AYI: Faɗa ba a jini yake ba: Kasuwan Magani da darasin da ya kamata jami'o'inmu su koyar

Ranar Alhamis, 18 ga Oktoba, 2018, kasuwa ta ci a Kasuwan Magani kamar yadda ta saba ci kowane mako. Garin yana Ƙaramar Hukumar Kajuru, a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, kuma ranar kasuwarsa takan haɗa Adara da Hausawa da Fulani da Gbagyi, wannan da buhun masara, wancan da akuya, wani da atamfa. Kafin rana ta faɗi gardama ta koma faɗa, faɗa ya koma kisa. Rahotannin farko sun ce abin ya taso ne daga saɓani tsakanin masu turin baro. Rundunar 'yan sandan jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 55. Bayan kwana uku wutar ta tsallaka cikin birnin Kaduna, har gwamnati ta kafa dokar hana fita ta sa'a 24. A cikin kwanakin ne kuma aka sace Agom Adara, Maiwada Galadima, daga baya aka tsinci gawarsa.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a teburin tace labarai. Aikin mai tace labari shi ne ya karanta abin da wakilai suka aiko, ya gyara lafazi, ya cire duk abin da ba shi da madogara. A wannan makon na cire jimla ɗaya har sau biyu. Wani da aka ji ta bakinsa ya ce mutanen can, faɗa a jininsu yake. Washegari wani daga ɗaya ɓangaren ya faɗi waɗannan kalmomi daidai da daidai, a kan mutanen mai maganar farko. Tun daga nan na riƙa jin jimlar a wuraren da ban zata ba: a motar ma'aikata da ke tasowa daga Nyanya da asuba, a wurin cin abinci na sakatariya, daga bakin masu digiri biyu da uku, waɗanda wasunsu su ne ke rubuta wa manya jawabi.

Wannan jimla da'awa ce ta kimiyya, ko da mai faɗinta bai sani ba. Tana cewa akwai wani abu a halittar wata ƙabila da ke sa ta zubar da jini. Kuma da'awa ce da kimiyya ta daɗe da auna ta, ta same ta ba ta da tushe. Matsalar ita ce ɗalibin Najeriya zai iya shekara huɗu a jami'a, ya yi hidimar ƙasa, ya kai matakin darakta, ba tare da an taɓa tsayar da shi an nuna masa yadda jiki da ƙwaƙwalwa suke haifar da ɗabi'a ba. Ra'ayina shi ne a buɗe kwas na share fage a kan tushen ɗabi'a a halittar ɗan Adam, a koyar da shi ga ɗaliban shekarar farko ko ta biyu na kowane fanni, a kuma fara da manyan makarantun Kudancin Kaduna.

Kwas ɗin ba baƙo ba ne a jami'o'inmu. Ɗaliban sashen nazarin halayyar ɗan Adam, kamar na Jami'ar Jos da ta Nsukka, suna yin sa, haka nan ɗaliban likitanci da na jinya suna taɓa wani yanki nasa. Amma a killace yake a cikin waɗannan sassa. Wanda zai zama lauya ko ɗan jarida ko malamin firamare ko jami'in mulki ba ya jin ƙamshinsa, alhali su ne za su yanke hukunci a kan halin mutane kowace rana. Ni kaina Turanci na karanta, kuma sai da na fara aiki na ci karo da laccocin Farfesa Robert Sapolsky na Jami'ar Stanford da ke Amurka, waɗanda aka ɗora a YouTube, na riƙa kallonsu a waya da daddare. Mutumin ya shafe shekaru yana nazarin gwaggon biri a Kenya, kuma hanyarsa ta koyarwa mai sauƙi ce: a ɗauki aiki ɗaya da mutum ya aikata, a tambayi abin da ya faru a jikinsa daƙiƙa ɗaya kafin aikin, sannan sa'o'i kafinsa, sannan shekaru, har a koma ga ƙuruciya da mahaifa.

Me ya sa Kudancin Kaduna? Saboda yanzu ne ƙofa take a buɗe. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aiwatarwa a Kachia, a harabar tsohuwar Jami'ar Nok da kotu ta mallaka wa gwamnati, aka kuma naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah shugaban majalisar gudanarwarta. Sabuwar jami'a tamkar ɗanyen icce ce, tun yanzu ake tanƙwara ta. Ga kuma reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta Kafanchan. Kada mu manta cewa rikicin Maris na 1987, wanda ya watsu har Zariya da Funtua da Katsina, daga harabar kwalejin ilimi a Kafanchan ya tashi. Inda fitina ta taɓa tashi daga cikin makaranta, ya dace a ce maganinta ma an dafa shi a makaranta.

A ce malami ya shiga aji a Kachia, ya ɗauki abin da ya faru a Kasuwan Magani a matsayin misali. Zai fara da mutumin da ke tsaye a kasuwa, ya ji ihu daga wancan layi. A cikin ƙwaƙwalwarsa akwai wani ɗan curi da masana ke kira amigdala, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wanda aikinsa gadi ne. Yana jin alamar haɗari yake kaɗa ƙararrawa, tun kafin sashen tunani ya gama tantance abin da kunne ya ji. Nan take jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama, jini ya kwarara zuwa tsokoki, baki ya bushe. Masanin nan Walter Cannon ya bayyana wannan shiri tun a 1915: jiki ne ke ɗaura ɗamarar ko dai ya yi faɗa ko ya gudu. Mai gadin nan yana da sauri, amma yana da yawan kuskure. Shi ne ke sa mutum ya yi tsalle don ya ga igiya a duhu ya zaci maciji ce. Kuma ba ya bambanta haɗarin da ido ya gani da wanda jita-jita ta kawo. Saƙon waya da ke cewa an kashe 'yan'uwanku a wancan gari yana iya tayar da shi kamar yadda ganin wuƙa zai tayar da shi.

Sai malamin ya koma kan birki. A bayan goshi akwai sashen ƙwaƙwalwa da ke auna sakamako, ya danne fushi, ya ce wa mutum dakata. Tarihin gano aikinsa zai yi wa ɗalibin Kafanchan daɗin ji, domin garinsu mahaɗar layin dogo ne, labarin kuma na ma'aikacin layin dogo ne. A watan Satumba na 1848, a jihar Vermont ta Amurka, nakiya ta tashi da wani sandan ƙarfe, ya shiga ta kuncin Phineas Gage ya fita ta saman kansa. Bai mutu ba, amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai gajen haƙuri da ashar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, daga baya ya samu sauƙin da har ya yi shekaru yana tuƙa keken doki na fasinja a ƙasar Chile. Labari ɗaya ya koyar da abu biyu: hali yana da mazauni a jiki, kuma ƙwaƙwalwa tana iya gyaruwa.

Wannan birki shi ne sashen da ke jinkirin nuna a jikin ɗan Adam, ba ya kammala sai wajen shekara 25. Wannan ya sa ko'ina a duniya samari ne ke kan gaba a tarzoma, ko a Kaduna ko a Landan. Rashin barci yana raunana shi, giya da ƙwaya suna raunana shi, zaman fargaba na wata da watanni ma yana raunana shi ta hanyar sinadarin kotizol da jiki ke saki idan damuwa ta yi tsawo. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa kimanin 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya a shekarar da aka yi binciken. A watan Mayu na 2018, wata biyar kafin rikicin Kasuwan Magani, gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ɗalibin da ya san abin da kodin da taramadol ke yi wa sinadaran ƙwaƙwalwa ba zai ƙara kallon shaye-shaye a matsayin lalacewar tarbiyya kawai ba, kuma zai gane abin da ɗan siyasa yake saya idan ya raba wa matasa ƙwaya kafin gangami.

Daga nan sai a koma baya da shekaru. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma yawancin ginin hanyoyin da ke haɗa su yana faruwa ne tun daga ciki zuwa shekarun farko na rayuwa. Abin da uwa ta ci, ko ta rasa, yana shiga wannan gini. Tamowa tana barin tabo, ƙarancin aidin a gishiri yana barin tabo, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yana barin tabo. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, kuma dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaran da suka rayu. Yaron da ya ga an ƙona gidansu yana da shekara biyar yakan tashi da mai gadin da ba ya runtsawa, ƙarar faɗuwar kwano ta ishe shi firgita. Waɗannan yara suna nan a ɓangarorin biyu, a Kajuru da Zangon Kataf da Jema'a da Kauru, kuma wasunsu su ne za su zauna a kujerun jami'ar Kachia. Abin da muke kira jini sau da yawa tarihi ne da ya shiga jiki.

Hausawa suna cewa hali zanen dutse, suna kuma cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Su ne dai suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, domin sun lura ɗa yakan saɓa wa iyaye. Kimiyya ta fi karkata ga karin maganar ƙarshe. Gado yana da tasiri, babu musu, amma babu ƙwayar gado ɗaya da ke ɗauke da kisa, kuma ƙwayoyin gado ba sa aiki sai tare da muhalli. Tun a 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na bambancin gado da ke tsakanin 'yan Adam yana cikin kowace al'umma ne, tsakanin mutum da maƙwabcinsa na ƙabila ɗaya. Ma'aikacin ɗakin ajiyar jini a asibitin Kafanchan ya san wannan ba tare da lacca ba. Abin da yake dubawa shi ne rukunin jini, kuma ledar jinin Ba'adare tana ceton Bahaushe kamar yadda ta Bafulatani ke ceton ɗan Atyap. Ƙwaƙwalwar manya ma tana sauyawa. A 2000 Eleanor Maguire da abokan aikinta sun gano cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda ke haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, wani sashe na ma'ajiyar tuna wurare a ƙwaƙwalwarsu ya fi na sauran mutane girma, kuma girman yana ƙaruwa da yawan shekarun aiki.

Darasi mafi nauyi shi ne na "mu" da "su". Gaskiya ne ƙwaƙwalwa tana saurin raba mutane gida biyu, namu da ba namu ba. Amma ba a haifi kowa da sanin inda iyakar take ba, koyar da ita ake yi, kuma tana matsawa. Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallon ƙwallo a Kachia ko Zonkwa ranar da Arsenal ta haɗu da Chelsea ya ga haka: na tsawon minti 90, riga ce ke raba jama'a, Musa da Moses suna rungume juna don ƙwallo ta shiga raga.

A kan wannan batu ba sai mun je nesa neman hujja ba, domin an yi gwajin a Kaduna. Masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun bi samari 849, Musulmi da Kirista, suka ba wasunsu horon kwamfuta na mako 16. Wasu an zaunar da su a ajin da aka gauraya, wasu a ajin 'yan addini ɗaya. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna cewa ra'ayin da samarin ke da shi game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba. Amma da aka zo gwajin rabon kuɗi, 'yan ajin gauraye sun fi 'yan ajin addini ɗaya adalci ga wanda ba nasu ba. Da aka bi diddigi, sai aka ga bambancin ya zo ne daga 'yan ajin addini ɗaya, waɗanda wariyarsu ta ƙaru har ta wuce ta waɗanda ba su shiga horon ba. Ma'ana, tara mutane iri ɗaya a wuri ɗaya yana da nasa lahani. Wanda ya san yadda Kaduna ta rabu gida biyu a gaɓar kogi bayan rikicin 2000, kowa ya koma unguwar 'yan'uwansa, ya san wannan sakamako ba na takarda kaɗai ba ne. Ga jami'ar Kachia darasin a fili yake: yadda za a raba ɗakunan kwana da rukunin aikin aji yana daga cikin manhaja.

Akwai masu ja da wannan shawara, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Na farko shi ne tsoron cewa koyar da tushen ɗabi'a a jiki zai ƙara wa masu cewa jini ne ƙarfi. Tsoro ne mai tarihi. A 1953 likitan mulkin mallaka J. C. Carothers, wanda ya yi aiki a Kenya, ya rubuta littafi yana kwatanta tunanin Baƙar fata da na Baturen da aka lalata wa gaban ƙwaƙwalwa, shekara guda bayan haka ya fassara tawayen Mau Mau a matsayin matsalar tunanin 'yan Kikuyu, ya kauce wa maganar ƙasar noma da aka ƙwace musu. Wanda ya tsaya ya ƙalubalanci irin wannan rubutu ɗan Najeriya ne, Thomas Adeoye Lambo, wanda ya fara tsarin jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta a 1954, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Don haka wajibi ne tarihin wannan ɓarna ya zama cikin kwas ɗin tun makonnin farko. Wuƙa tana yanka, amma ba a hana mahauci koyon riƙe ta saboda haka. Barin ɗalibai cikin duhu ma bai kare su daga gurɓatacciyar kimiyya ba, domin tana iske su a waya.

Na biyu ya fi nauyi. Wani zai ce idan aka ɗora laifi a kan amigdala da adirenalin, an wanke mai kisa ke nan, an kuma rufe maganar ƙasa da sarauta da siyasa. Amsa ita ce bayani daban, uzuri daban. Dubban mutane ne suke kasuwar a ranar, dukansu zuciyarsu ta buga, amma mafi yawansu ba su ɗaga hannu a kan kowa ba. Kwas mai kyau yana tambayar dalilin wannan mafi yawa kamar yadda yake tambayar dalilin 'yan tsirarun. Haka nan ilimin ƙwaƙwalwa ba zai raba gardamar gona ba, ba zai faɗi inda ya kamata a kafa kasuwa ba, wanda shi ne abin da ya kunna wutar Zangon Kataf a watan Fabrairu na 1992 kafin ta sake tashi a watan Mayu. Wannan aikin shari'a ne da shugabanci. Hasali ma ilimin yana ƙarfafa buƙatar hukunci, domin ƙwaƙwalwa tana koyo daga sakamako. Inda aka yi kisa sau uku ba a hukunta kowa ba, an koya wa matasan garin darasi, an kuma koya wa waɗanda aka zalunta cewa ramuwa ce kaɗai ta rage musu.

Na uku daga iyaye zai fito, a masallaci da coci: shin ba a ce mutum inji ne marar rai ba? Likitan da ya ce sauro ne ke kawo zazzaɓi bai musanta ƙaddara ba, kuma ba wanda ya bar addininsa don ya rataya gidan sauro. Malami mai hankali zai tsaya a inda ma'auninsa ya tsaya, ya bar abin da ba a aunawa ga ma'abotansa. Amma akwai inda shiru yake cutarwa. Yarinya mai farfaɗiya da ake gudu a aji don tsoron yawunta, alhali cutar ba ta yaɗuwa kuma tana da magani mai araha, tana biyan kuɗin jahilcinmu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye da yawa sun kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje ne saboda ba su san wata ƙofa ba. A Janairun 2023 aka sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958, amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Malamin firamare da aka horar a Gidan Waya zai ga yaro mai matsala shekaru kafin wani likita ya gan shi.

Na huɗu kuɗi ne, kuma shi ne mafi sauƙin amsa. Kwas na share fage ba ya buƙatar na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Kan rago daga mahauta ya isa a nuna wa ɗalibai sassan ƙwaƙwalwa su taɓa da hannunsu. Da rula ta katako za a auna saurin martanin mutum kafin rashin barci da bayansa. Da yatsa biyu da agogon waya ɗalibi zai ƙirga bugun zuciyarsa kafin a kira shi gaban aji da bayan an kira shi. Wanda ke ganin nazarin ƙwaƙwalwa ya fi ƙarfin jami'ar Arewa ya dubi Damaturu, inda Dakta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa ɗan Yobe da ke Jami'ar Sussex a Ingila, ya jagoranci kafa cibiyar bincike da horarwa a Jami'ar Jihar Yobe.

Abin da ke da tsada shi ne malami, da yadda zai koyar. Idan aka mayar da kwas ɗin haddar sunayen Latin da sayar da takardun lacca, gara ba a fara ba. Jarrabawar ta zama ta tunani: a ba ɗalibi labarin tarzoma a jarida, a ce ya ware abin da ke da hujja daga abin da ba shi da ita. A bar malami ya yi ƙarin bayani da Hausa inda Turanci ya cije, domin Hausa ce harshen kasuwa da tasha a duk yankin, ita ce Bajju da Ham da Adara ke magana da ita idan sun haɗu. Sannan a tuna cewa a ajin akwai marayun rikicin da ake nazari. Ba a nuna hoton gawa, ba a tilasta wa kowa ba da labarin gidansu, kuma a tanadi mai ba da shawara da hanyar tura mai buƙata zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa.

Yawancin masu karanta wannan shafi suna zaune ne kusa da teburan da ake yanke irin wannan shawara. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ke nan majalisar malaman jami'ar Kachia ko ta Jami'ar Jihar Kaduna ba ta buƙatar sabuwar doka kafin ta gwada. Akwai kuma kwas na bai ɗaya kan zaman lafiya da sasanta rikici da ɗalibai ke yi, wanda za a iya ƙara wa makonni kan ƙwaƙwalwa da tsoro da jita-jita tun kafin a kai ga cikakken kwas. Asusun TETFund yana da kason horar da malamai da na rubuta littattafan karatu. Hukumar kula da kwalejojin ilimi tana iya duba abin da ake koya wa malaman gobe game da ƙwaƙwalwar yaro. Duk wannan takarda ɗaya ce daga hannun hadimi zuwa teburin mai gida, idan an samu mai rubuta ta.

Ba na cewa zango ɗaya na karatu zai hana rikici na gaba. Gwajin Kaduna da kansa ya nuna cewa mako 16 ba sa kankare abin da ke zuciya, sai dai su gyara abin da hannu ke yi. Amma gyaran abin da hannu ke yi ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke tsaye a kasuwa ranar da ihu ya tashi. Daga cikin ɗaliban da za su fito daga Kachia akwai wanda zai zama shugaban ƙaramar hukuma, da wadda za ta zama alƙaliya, da wanda zai zauna a teburi irin nawa. Ina fatan idan wani ya ce musu faɗa a jinin mutanen can yake, su tambaye shi wane jini, a wane ɗakin gwaji aka auna, sannan su koma ga tambayoyin da ke da amsa: wa ya yaɗa jita-jitar, wa ya raba ƙwayar, wa aka kama, kuma me ya sa aka sake shi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.